Lassa Aka Ce, Ni Na Ce Lasa

Takarda daga hannun ubanki Ayuba, tsohon mai duba tikiti na reluwe a Kafanchan, zuwa ga 'yata Rifkatu, wadda nake kira Mamana tun ranar da aka sa mata sunan tsohuwata.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa ya sa motar ta sauke ki lafiya, ya sa ba ta tsaya ɗaukar buhuna a Kasuwan Magani har rana ta faɗi ba, ya sa kin tarar da ɗaki mai ƙofa da mutane masu fara'a a asibitin da aka tura ki aikin nas. Idan kina karanta wannan, to kin buɗe akwati, kin kai ga ƙullin cittar da uwarki ta sa miki a ƙasa. Kada ki ɗaga ƙullin tukuna. Akwai abu a ƙarƙashinsa, amma sai kin ji labarinsa, don kin san ubanki ko gishiri zai miƙa wa mutum sai ya haɗa da labari.

A cikin jirgi na fara jin maganar, shekarar da kike aji uku na firamare. Wani fasinja mai fataucin goro ne ya ce da ni wai akwai wani zazzaɓi da ɓera ke kawowa. Wai ba ya jin maganin maleriya, yana kama maƙogwaro, ya kumbura fuska, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi. Wai kuma ba ya tsayawa kan mai ciwon, sai ya bi mai jinyarsa, har ma'aikatan asibiti yana kashewa. Na huda masa tikitinsa, na ce Allah ya kiyaye, na wuce. Mamana, wanda ke aiki a jirgi yana jin jita-jita goma kafin ya kai tasha ta gaba. Na ji ta matar da ta haifi kunkuru, na ji ta rijiyar da ke kiran sunan mutum. Wasu ma ni na ƙirƙiro su don tafiya ta yi sauri, bayan wata guda kuma wani ya kawo mini su da rantsuwa. Don haka ban yarda ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da laifi. Amma na biyun da ya faɗe ta Markus ne.

Ke kin san shi da Baba Disfensa, mai farar riga da babur, mai ba ki alewa idan ya yi miki allura. Ni na san shi tun ba shi da wando. Ƙauyenmu ɗaya kusa da Fadan Kaje, benci ɗaya a makarantar mishan. Ni ne mai baki, kakata ta cika ni da tatsuniya tun ina goye. Shi kuwa sai ya wuni bai ce kalma biyar ba. Aka zo neman yaro ɗaya da za a koya wa aikin magani, aka ɗauke shi. Ni aka ce surutuna ya yi yawa, zan sa mara lafiya dariya har ɗinkinsa ya kwance. Na samu reluwe, na samu hula da abin huda tikiti, na auri uwarki. Tun da takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, bari in faɗa miki: shi ya riga ni kai gaisuwa gidan iyayenta. Ni ta zaɓa, don ina sa ta dariya. Amma duk zaman da muka yi, idan kika yi tari, ba ta taɓa cewa “Baban Rifkatu, me ka gani?” ba. Sai dai ta ce, “Bari mu ji abin da Disfensa zai ce.” Disfensa ya ce a tafasa ruwa. Disfensa ya ce a rage barkono. Har na fara jin kamar shi ne mai gidan, ni haya nake yi.

Abu ɗaya ya rage nawa, gindin mangwaron nan na bakin tasha, inda Mama Nkechi ke sayar da abinci. Da yamma idan na sauka daga aiki, nan ma'aikata da 'yan dako da masu jiran jirgi ke kewaye ni. A nan ni ne sarki.

Wata yamma da rani ina tsakiyar labari, na kai daidai inda kowa ya bar loma a hannu yana jira, sai ga ƙarar babur. Markus ya sauko, ko gaisuwar kirki bai yi ba.

“Jama'a ku yi haƙuri. Ayuba, ka yi haƙuri. An kawo mini mutum biyu daga ƙauye, ban so abin da na gani ba. Ina tsoron zazzaɓin Lassa ne.”

Duk kawunan da ke kallona suka juya gare shi. Duka, har mutumin da ya saya mini abincin don in ƙarasa masa labarin.

Lassa sunan gari ne can gabas. Na san haka sarai, na sha huda tikitin mutanen wajen. Amma kin san bakinmu na nan, Hausa ba a ɗakin uwarmu muka same ta ba, ba mu tsayawa mu danna harafi sau biyu. Lassa da lasa duk ɗaya suke fita. Sai na ɗaga hannuna daga kwanon miya, na ce:

“Ciwon lasa? Disfensa, ashe dukanmu matattu ne tun muna rarrafe, ba a dai gaya mana ba.”

Na lashe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina lumshe ido. A na biyar na kama maƙogwaro na faɗi daga benci. Wurin ya fashe da dariya. Mama Nkechi har da ajiye ludayi ta riƙe ciki, tana cewa, “Oga Tikiti, kai ba kyau! Kai zai kashe mutum kafin ciwo ya zo!”

Markus yana ta cewa, “Ba lasa ba. Ɓera ne. Fitsarinsa da kashinsa a cikin abinci. A rufe abinci. Mai jinya kada ya taɓa jini ko amai da hannu.” Jirgin kaya ya yi kuka yana shigowa, ya cinye sauran maganar. Ya tsaya kaɗan, ya kalle ni, ya hau baburinsa.

Na koma gida ranar ina jin kamar an ƙara mini girma a wurin aiki.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Idan wanda ya san abu ya buɗe baki, kika ji abin dariya yana yi miki ƙaiƙayi a harshe, ki tambayi kanki ko maganarsa ce abin dariya, ko kuwa zafin an juya an kalle shi ne ke cin ki. Ni ban yi shakkar ciwon don na auna shi ba. Na yi shakka ne don daga bakin Markus ya fito. Da ni na fara kawo labarin gindin mangwaro, da na ba shi ƙaho da wutsiya har ba mai iya barci.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don shi da shiru na yi shi, ni da ban iya shiru ba.

Ba a yi mako biyu ba aka fara jin mutuwa a ƙauyuka. Tsoro ya shigo gari. Sai dai da ya shigo, maganata ya tarar a bakin ƙofa, ba ta Markus ba. Abin da na faɗa da wasa ya bi jirgi da motocin kasuwa ya zama ilimi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kama hannuna ta ce, “Ɗana, ka bar lasa hannu, ciwon lasa ya shigo.” Uwaye suna dukan yara kan lasar kwano. Mutum ya ci tuwon acca ya miƙe da miya har wuyan hannu yana neman ganye. Mama Nkechi ta tare ni, wannan karon ba dariya: “Oga Tikiti, kai ka kawo wahala. Kowa yana so cokali nasa daban. Ni mai abinci ne ko mai shagon cokali?”

Acca da garin rogo kuwa suna nan a shanye bisa duwatsu a buɗe, ɓeraye suna bi ta kai. Tukwane ba murfi. Samari suna cinna wa daji wuta suna farautar ɓera, su gasa, su ci, su goge yatsu a wando don kada su lasa.

Na ga duk wannan. Na san ba daidai ba ne. Kalma ɗaya daga bakina a gindin mangwaro da ta gyara rabi, don ni ake ji. Ban faɗa ba. Daɗi nake ji maganata ta kai garuruwan da baburin Markus bai taɓa zuwa ba.

Shekaranjiya da ake hirar irin ciwon nan kin ce da ni mutane tsoro ne kawai ya yi musu yawa. Ni ban ga haka ba. Mutanenmu sun ji tsoro iya tsoro, kuma suna da gaskiya, don abin yana kisa, na ga ramukan da aka tona. Abin da suka rasa shi ne inda za su ajiye tsoron. Na nuna musu yatsunsu, suka ɗora shi can. Idan kika tarar da mutane suna tsoro, kada ki ce musu ba komai. Ƙarya ce, kuma sun fi ki sanin wanda suka binne. Ki kama tsoron nasu ki juya shi ya fuskanci abin da ya kamata: murfin tukunya, ramin ɓera, kwanon amai, zanen da jini ya taɓa.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Aka aiko daga ƙauye cewa ƙanwar uwarki, Anti Laraba, tana kwance kwana shida, maganin maleriya bai taɓa ta ba. Uwarki ta ɗaure kaya za ta jinya. Ko wa ya gaya wa Markus, oho, sai ga shi da safe a ƙofar gidanmu da wata 'yar leda.

“Hannatu, ga safar hannu ta roba. Duk abin da ya fito daga jikinta, kada ki taɓa sai da wannan. Ki wanke hannu da sabulu. Ku kawo ta asibiti, kada ku jira.”

A gabana ya kira ta Hannatu, kamar ba a taɓa ɗaura mata aure ba. Da ya tafi, ta juya ledar a hannu, ta dube ni. Ranar ce kaɗai a rayuwarmu ta tambaye ni maganar ciwo.

“Baban Rifkatu, me ka gani?”

Shekara goma sha wani abu ina jiran tambayar nan. Na gyara tsayuwa, na ce, “Ƙanwarki uwa ɗaya uba ɗaya za ki taɓa da roba kamar mai wankin masai? Me dangi za su ce? Ki je ki yi jinyarki kamar yadda uwarki ta yi. Kada dai ki lashi cokalinta.”

Ta yi dariya. Ta ajiye ledar a kan taga. Ta tafi.

Ta share wa Laraba jini da gefen zanenta, ta wanke ta, ta kwantar da kan Laraba a cinyarta. Cokali kuwa ta ware mata nata daban, ta ɗaura masa jan zare don kada a yi kuskure. Laraba ta rasu. Bayan kwana goma uwarki ta kwanta. Ina kan aiki a jirgin kudu, kwana biyu ban dawo ba. Markus ne ya zo ya tarar da ita, ya sa safa a hannunsa, ya naɗe ta da mayafi, ya ɗaure ta a bayansa da zane kamar goyo, ya kai ta babban asibiti a kan babur.

Ta rayu, mun gode wa Ubangiji. Amma ciwon ya tafi da kunnuwanta duka biyu. Kin girma kina ganin muna yi mata magana da hannu, an ce miki zazzaɓi ne. Gaskiya ne, zazzaɓi ne. Ba a dai gaya miki wa ya ce ta ajiye ledar ba. Ita ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da na aure ta da labari, yau shekara nawa ina ba da labari a tsakar gida tana kallon bakina tana murmushi a inda bai kamata ba.

Na taɓa tambayarta, da rubutu a bayan tsohon tikiti, mene ne abu na ƙarshe da ta ji a duniya. Ina fata ta ce muryata, ko taki. Ta ce ƙarar babur, da Markus yana cewa, “Hannatu, riƙe ni da kyau, mun kusa.” Mamana, mutumin nan ya ceci ran matata, ni kuma na yi wata guda ban amsa gaisuwarsa ba saboda wannan magana. Ki ga irin uban da Allah ya ba ki.

Don haka idan dangin mara lafiya suka ce kina ƙyamar ɗan'uwansu don kin sa safa, ki bar su su faɗa. Za su ce girman kai, za su ce 'yar boko. Ki yi masa magana mai daɗi, ki kira shi da sunansa, ki riƙe hannunsa da kyau, amma da safa. Ba zai ji ƙaunarki ta ragu ba, 'yan kallo ne kawai za su ji haushi.

Ki kuma san inda tsoro ya kamata ya tsaya. Da uwarki ta warke ta koma sujada, wata uku bencin da take zama ba kowa sai ke. Matan zumunta da ta yi wa wankan jego suna gaishe ta daga nesa da haɓa. Markus ya ce ta warke, ba abin da za ta sa wa kowa, ba su ji ba. Mama Nkechi ce ta zo gidan da kwanon tuwo, ta zauna a tabarma, ta ci tare da ita a kwano ɗaya, ta lashe yatsunta tas tana hararata. Ta ce, “Oga Tikiti, je ka faɗa wannan a tasha.” Na je na faɗa. Shi ne labari na farko da na bayar a gindin mangwaron nan wanda ba a yi dariya ba.

Da a ce na yi hankali daga nan, da sai in rufe takarda. Amma ga na ƙarshe, kuma bai kai mako ba.

Da kika ce aikin nas za ki koya, na yi murna a gaban mutane. A ciki kuwa cewa na yi, shi ke nan, ya karɓe 'yar ma. Ba ki taɓa cewa za ki yi reluwe ba. Na san jirgin ma yanzu sai ya ga dama yake zuwa, ciyawa ta cinye rabin layi, amma da kin faɗa ko da wasa ne. Ranar Litinin kina kasuwa, Markus ya zo, ya tsufa, baburin ma ya tsufa. Ya miƙo mini kwali, ya ce, “Ayuba, ka ba Rifkatu. Can ba kullum ake samu ba.” Na buɗe bayan ya tafi. Safar hannu ce cike, da abin rufe hanci da baki. Sai kishin nan na dā ya dawo mini. Na ce ni zan sayi akwati, in sayi katifa, in ɗinka farar riga, shi kuma da kwali ɗaya ya zama shi ne ya san abin da 'yata ke buƙata? Na kai kwalin na tura bayan tsohuwar hulata ta aiki a saman kabad. Kwana uku yana can. Kina shiga kina fita a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fara tsorata ni shi ne shekaranjiya, wajen cin abinci, da kika miƙe kina kwaikwayon wata babbar nas da ta koyar da ku, yadda take sa safa biyu-biyu tana tafiya kamar agwagwa. Ƙannenki suna birgima don dariya. Ni ma na yi, don kin iya, kin fi ni ma. Sai na ga kin lumshe ido daidai yadda na lumshe a gindin mangwaro. Aikin Markus kika ɗauka, amma bakin nawa ne. Da na so in yi alfahari da wannan. Ban iya ba.

To, ɗaga ƙullin cittar yanzu. Kwalin ne. Ba ni na saya ba, ba dabarata ba ce, daga Baba Disfensa ne, kuma yana da gaskiya, tun farko ma yana da ita. Ki rubuta masa godiya. Idan takarda ta rage, ki rubuto mini ni ma, ko layi biyu, kuma ina roƙo tawa ta riga tasa isowa ko da kwana ɗaya ne.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare hannuwanki da abin da za su taɓa. Ya ba ki tsoro daidai gwargwado, ya nuna miki inda za ki ajiye shi. Ya kama miki harshe a ranar da ya kamata. Ya dawo mana da ke da ƙafafunki, da kunnuwanki duka biyu, don ina da sauran labarai, kuma masu ji sun ragu a gidan nan. Amin.

Saura abu ɗaya. Kin ɗauka ban san cewa zazzaɓin nan ya ɓulla a yankin da aka tura ki ba, har ya kwantar da wata nas a can. Wani direba ya faɗa mini a tashar mota, na ce direbobi sun fi ni ƙarya. Wani dattijon ikkilisiya ya faɗa mini, na ce tsufa ne. Ke kuwa ba ki gaya mini ba. Ranar Lahadi bayan sujada kin ja Markus can gefen katanga, kin yi masa raɗa, kin ce kada Baba ya ji. Kin duba hagu da dama, ba kowa kusa sai mace ɗaya a kan benci, wadda kika san ba ta jin ko tsawa. Kin manta shekara nawa ta yi tana kallon bakin mutane. Jiya da hantsi tana ɗaure cittar nan, ta ɗago, ta faɗa mini duk abin da kika ce, kalma da kalma, da babbar muryar nan tata da ba ta san girmanta ba. Sannan ta nuna saman kabad da ludayi, ta ce, “Baban Rifkatu, sauko da shi. Wannan karon ban tambaye ka me ka gani ba.”

Wadda ta gaya mini a ƙarshe, wadda kuma na yarda da ita, uwarki ce, Hannatu.